Don Choforo da Sulen Tukunyar Tamal

Duk wanda ya taɓa zama a kujerar askin mijin yayata, Don Choforo Bañuelos, da abu biyu yake tashi: gefen kansa ɗaya ya fi ɗaya gashi, kuma ya haddace tarihin kunnen mai askin. A cewarsa, kakansa ya daɗe yana haƙar azurfa a ramin dutsen da ke bayan garinmu, San Gervasio, har azurfar ta shiga jininsa, ta tsallake ubansa, ta zo ta tare a kunnen jikan. Wai in aka jefa sule a ƙasa, daga ƙarar kawai zai gaya maka yawan azurfar da ke ciki da shekarar da aka buga shi. In yana cikin nishaɗi har halin wanda ya buga shi yake faɗa.

Ni Otilia, da ake kira Tila, ƙanwar matarsa ce, katanga ɗaya ta raba gidajenmu, don haka na san gaskiyar kunnuwan nan. Na hagun ya mutu tun ranar bikin waliyyin gari, da wata rokar wasa ta fashe a kusa da shi. Na daman kuwa tun ranar yake ƙara shi kaɗai, wani siririn "tiiin" da ba ya ɗaukewa. To da wannan kunnen ake awon azurfa. Ko takalmi ka jefa masa zai ji ya yi waƙa.

Da a shagon aski cika bakin ya tsaya, da babu wanda ya damu. Amma sai ga auren Griselda.

Griselda 'yar ɗan'uwanmu ce marigayi. Yayata Hermila ce ta raine ta tun tana rarrafe, kuma ita kaɗai ce 'yar gidan. Za ta auri Leobardo, ɗan masu shanu daga Ojo Zarco. Yaron ba shi da aibu. Uwarsa ce dai, Doña Perpetua, mace mai tafiya kamar ƙasa na yi mata wari. Ranar da suka zo neman aure ta dubi rufin ɗaki, ta dubi kujeru, sannan ta ce, "Arras ɗin fa? In babu hali, akwai na gwangwani da ake sayarwa a ƙofar coci. Marayu da yawa da su ake yi musu, kuma auren ya zauna lafiya."

Griselda ta sunkuyar da kai, na ga hawaye ya ɗiga a kan siket ɗinta. Raina ya ɓaci. Arras, wato sulalla goma sha ukun nan da ango ke zubawa a tafin amarya a gaban Fada, ba abin wasa ba ne a garinmu. Duk coci miƙa wuya ake a gani, a kuma kasa kunne a ji ƙararsu, kuma abin da aka ji ranar shi za a riƙa tuna wa yarinya har ta yi jikoki.

Kafin Hermila ta buɗe baki, Don Choforo ya miƙe ya murza gashin bakinsa.

"Doña, ni ne uban arras. Tsoffin peso na azurfa, irin na zamanin kakanni, su zan kawo. In ɗaya ya fito jabu, a aske min gashin bakin nan a dandali, jama'a na kallo."

"Na ji," in ji Doña Perpetua. "Kuma ba na mantuwa."

Da baƙi suka tafi Hermila ta ce, "Tsoho, ka hau mota gobe ka je birni wurin maƙerin azurfa ka sayo na gaske."

"Ni? In je wurin maƙeri ya koya min azurfa? Tsohuwa, ki ji da tukunyarki. Garin nan cike yake da azurfa a gwangwanayen maɓallai, masu ita ba su san darajarta ba."

Masu ita kuwa sun sani sarai. Babu tsohuwar da ba ta san peson gaske ba a San Gervasio: mai hoton hula da haske kewaye da ita, an rubuta 0.720 a saman gaggafar da ke bayansa, wato kashi bakwai cikin goma azurfa ne. Daga baya aka yi ta rage azurfar har aka zo kan mai hoton jarumin nan da ya ɗaure kai da ƙyalle. Shi kashi ɗaya ne kacal, sauran jan ƙarfe da tarkace, an dai faranta masa fuska. Girmansu ɗaya da na gaske, amma mu tsingaro muke ce masa. An daina karɓarsa tuntuni, kowane gida akwai shi a zube.

Don haka da Don Choforo ya shelanta yana sayen tsoffin peso, matan unguwa suka ƙara cusa na gasken cikin matashin kai, suka kwaso tsingaro suka yi layi a ƙofar shago.

Ya share daɓen shagon, ya sa aka yi tsit. Ya ɗauki ɗaya, ya rufe ido, ya sake shi. Sulen ya ce "ɗaf", kamar an yar da murfin tukunyar ƙasa.

"Kun ji? Kun ji waƙa? Tsantsa!"

Don Pascasio, mai sayar da gogaggiyar ƙanƙara da zaƙi a tsallaken titi, ya leƙo ta taga. "Maƙwabci, ni fa tari na ji, ba waƙa ba."

"Kai da ka tsufa cikin ihun yara, ina ka ga sauran kunne?"

Ni kuwa shaiɗan ya raya min. Na zagaya bayansa na saki marfin kwalbar lemo. Don Choforo ya ɗaga yatsa sama, idonsa a rufe.

"Tsaya! Wannan tsoho ne. Na kafin juyin juya hali. Wanda ya buga shi bahago ne."

Na ɗauko marfin na ɗora masa a tafin hannu. Shago ya kaure da dariya. Ya juya shi, ya sake juya shi, ko gezau.

"To ai marfin kwalbar da ba irin na yanzu ba ne, Tila. Ke yarinya ce."

"Mijin yaya, jikoki biyu gare ni. Ka sa tabarau ka duba rubutun mana."

"Rubutu na gwamnati ne. Kunne na Allah ne."

A yinin ya saye tsingaron unguwa kaf, ya zaɓi goma sha uku da ya ce sun fi zaƙin murya. Matan suka fita suna toshe baki da mayafi.

Amma maganar Don Pascasio ta tsaya masa a rai, sai ya ce zai kawo hujjar da ko kurma zai yarda. Washegari ya tara mutane, ya ce azurfa tana da laushi, haƙorin masani yana gane ta. Ya sa sule a baki ya gartsa. Muka ji "ƙas". Haƙorin gaba na jerin haƙoransa na roba ya yi tsalle ya faɗa cikin kwanon kumfar aski.

"Wa ya ci, maƙwabci?" in ji Don Pascasio. "Kai ko sulen?"

"Haƙorin ne jabu," in ji Don Choforo. Daga ranar duk maganar da zai yi sai ta fito da fito, har karen gidan Fada ya riƙa bin sa.

Sai maganaɗisu. Ya ji an ce ba ya kama azurfa. Da Hermila ta tafi kasuwa ya farke rediyonta ya ciro na cikin lasifika, ya bi sulallan ɗaya bayan ɗaya. Ko ɗaya bai kama ba.

"Ina masu gardama? Ku matso!"

Don Pascasio ya matso, ya karɓi maganaɗisun ya ɗora a kan tukunyar jan ƙarfe, bai kama ba. Ya ɗora a kan ludayin katako, ya ɗora a kan sanƙon Don Choforo.

"Barka, maƙwabci. Ashe kai ma azurfa ne."

Rediyon bai ƙara magana ba. Hermila ta dawo ta tarar da shi a warwatse a kan tebur, ga shi lokacin wasan kwaikwayonta ya yi. Abin da ta faɗa masa na ji shi ta katanga, amma ba zan maimaita ba.

Na ɗauka zai haƙura. Ina! Wani direba da ya zo aski ya gaya masa azurfa tana narkar da ƙanƙara da sauri. Da tsakar rana, Don Pascasio ya shiga gida cin abinci, mutumin naku ya lallaɓa ya yaye buhun da ke kan dutsen ƙanƙarar, ya jera sulallansa a kai. Rana na dukansu, suka fara nutsewa. Ya tsaya yana tafi. Sai wani ya kira shi aski, ya ce bari ya je ya dawo, ya mayar da buhun. Aski ya zama tarihin kakansa, tarihin ya yi tsawo.

Don Pascasio ya fito, 'yan makaranta sun taso, ya danna magogarsa a kan ƙanƙara da ƙarfinsa. Wuƙar magogar ta ci karo da jarumi mai ƙyalle, ta dakushe nan take.

"Choforo! Me kuɗinka ke yi a cikin ƙanƙarata?"

"Nutsewa suke yi. Ka ga hujja da idonka!"

"Ko ƙusa ka ɗora a ranar nan sai ta nutse, sakarai!"

"Amma da irin wannan natsuwar?"

Da guduma aka fasa dutsen aka ciro su. Yaran unguwa suka sha ƙanƙara kyauta, Don Pascasio ya rantse ranar askin gashin baki shi zai kawo kujera.

Ana saura kwana biyu biki, Don Choforo ya ce sulallan sun dushe, dole su yi ƙyallin da zai kashe wa Doña Perpetua ido. Ya samo toka da lemon tsami da soson ƙarfe, ya zauna a tsakar gida yana dirza yana waƙa. Ina shanya na ji waƙar ta tsaya. Na leƙa ta kan katanga. Farar fuskar nan duk ta tafi, sulallan sun koma ja-ja kamar gindin tukunyar jan ƙarfe.

"Mijin yaya, azurfar taka ta ji kunya ne?"

Ya rufe su da hula. "Haka ta gaske take yi in ta sha iska. Za ta dawo."

"Don Allah ka gaya wa Yaya. Har yanzu akwai motar birni."

"Tila, in kika buɗe baki, ni da ke har abada."

Na yi shiru, don Hermila na cikin ƙullun masara da kajin biki har wuya, kuma na ɗauka ko ba komai zai ruga ƙofar coci ya sayi na gwangwanin. Ashe shi wata dabarar ya yi. Ranar jajibiri da la'asar ya samo ragowar fentin azurfa da aka shafa wa ƙofar makabarta, ya tsoma su ɗaya bayan ɗaya, ya jera a kan taga. Suka yi fari fat, suna walƙiya. Farin ciki ya kama shi har ya kasa riƙe kansa. Ya ɗauki ɗaya ta gefe ya fita titi.

"Pascasio! Fito ka ga abin da kakanninka ba su taɓa riƙewa ba!"

Ya cilla shi sama da babban yatsa don ya yi juyi. Sulen ya ɗan manne a yatsan, ya karkace, ya sauka a gefen titi, ya gangara tiryan-tiryan ya shige ramin magudanar ruwa.

Don Pascasio ya leƙa ramin, ya cire hularsa. "Allah ya ji ƙansa. Ko a nan bai yi waƙa ba."

Saura goma sha biyu, kuma babu sauran tsingaro ko ɗaya a unguwar, shi da kansa ya share su ya raba wa yara ragowar da bai zaɓa ba, su kuma sun watsar.

Yanzu sai in gaya muku labarin tukunyar Hermila. Babbar tukunya ce ta tamal, wato alalar ƙullun masara da ake turarawa, ruwa a ƙasa, faranti mai huji a kansa, a jera tamal ɗin a sama cikin ɓawon masara a rufe. Da yake ba a ganin ruwan, sule ake jefawa a ciki. Muddin ruwa na tafasa, sulen na rawa yana ƙara. In ya yi shiru, ruwa ya ƙone, sai a ƙara ta ɗan bakin da ke gefe. Sulen Hermila na innarmu ne, ita ma daga tata uwar ta gada. Ya yi baƙi ƙirin, ya sha tafasa har gefensa ya siɗe. A ƙararsa muka tashi, shi ne sautin kowace safiyar biki a gidanmu. Don Choforo kuwa ya sha cewa wannan ko almajirin maƙeri ya san ƙarfen banza ne, don azurfa ba ta baƙi.

Da safiyar bikin Hermila ta zuba ruwa, ta jefa sulenta, ta ɗora farantin. Don Choforo na ta kewaya madafa cikin kwat ɗinsa.

"Tsoho, me kake nema a nan? Ina arras ɗin? In gani."

"A coci za ki gani, tare da kowa."

"Ka kashe min rediyo, ka zubar da haƙori, ka ja mana faɗa da maƙwabta. In ka kunyata yarinyar nan yau, ka nemi wani gidan."

Ta fita ɗebo ɓawon masara tana huci. Abin da ya faru a ɗan tsakanin nan daga baya muka sani: ya ɗaga farantin, ya tsoma hannu, ya zare sulen, ya cusa shi can ƙasan ɗan akwatin arras, ya danne shi da farare goma sha biyu don kada a gan shi.

Muka jera tamal, muka rufe, muka hura wuta. Tururi ya fara tashi. Tukunya shiru.

Hermila ta kara kunne. "Tila, kin ji shi?"

"Ban ji ba. Amma ga tururi, Yaya."

"Tururin banza. Sulen Inna bai taɓa yi min ƙarya ba. Ruwan ne ya yi kaɗan."

Ta ƙara ruwa. Shiru. Ta sake ƙarawa. Shiru. Maƙwabtan da suka zo taya aiki suka kewaye tukunya, kowa da nata. A ƙarshe wata dattijuwa ta faɗi abin da duk muke tsoro: tamal ɗin ya yi fushi. Kowa ya san tamal yana da zuciya. In aka yi faɗa a gidan da ake dafa shi, sai ya ƙi nuna, kuma maganinsa ɗaya ne, wanda ya jawo faɗan ya yi rawa a gaban tukunya yana marinta a ƙugu.

Duk idanu suka koma kan Don Choforo, wanda ke ƙoƙarin sulalewa ta ƙofa da akwati a hammata.

"Ni? Uban arras? Cikin kwat?"

"Taka!" in ji Hermila.

Shi kaɗai ya san abin da ke damun tukunyar, kuma ba halin ya faɗa. Haka ya ajiye akwatin a kusa da murhu, ya kama rawa. Mata na tafi, yana juyi yana marin tukunya, yana yarfe hannu don zafi, yana ce mata, "Yi haƙuri, 'yar gari, yi haƙuri," kowace kalma da fitonta. Karen Fada ya ji fito ya shigo. Don Pascasio ya hau katanga yana ba da kiɗa da magogarsa da ta mutu. Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Tukunya dai ba ta ce uffan ba, sai ma ruwa da ya fara tsiyaya ta murfi. Ƙararrawar coci ta buga. Hermila ta janye itace, ta goge ido da bakin zane, muka tafi. Akwatin kuwa ya sha ɗumin murhu iya shansa.

Coci ya cika maƙil. Mutanen Ojo Zarco sun zo da manyan huluna, Doña Perpetua a layin gaba cikin baƙin leshi. Griselda ta yi kyau har na ji ƙwalla, kamannin ubanta sak. Aka yi alkawari, aka sa zobe. Fada Ezequiel ya ce a kawo arras.

Don Choforo ya taka a hankali, ƙirji a gaba, ya buɗe akwatin ya juya shi ga jama'a. Haske ya daki fentin. Na ji mutanen Ojo Zarco sun ja numfashi. Fada ya yayyafa ruwa mai tsarki, ya ɗan shinshina, ya dubi yatsunsa. Ya miƙa wa ango.

Leobardo ya kifa akwatin a kan tafin Griselda. Babu abin da ya faɗo. Ya girgiza. Ya bubbuga gindin. Aka yi tsit ana jiran ruwan azurfa. Sai ga su sun faɗo gaba ɗaya a dunƙule, tim, sun manne da juna, fenti na naso a farar safar hannun amarya. Ta gefen dunƙulen ana hango ja.

Bayan su sai ɗaya ya biyo, shi kaɗai, baƙi. Ya daki gefen hannunta, ya faɗa kan daɓen dutse.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan a cocin nan ba. Siririya, doguwa, mai daɗi, ta tashi har cikin rufi ta daɗe ba ta sauka ba. Sulen ya gangara ya je ya kwanta a gaban takalmin Doña Perpetua.

Hermila ta miƙe zumbur. "Sulen Inna! Choforo, kai ka cire shi daga tukunya? Ka bar ni ina ta ɗura wa tamal ɗina ruwa, kana yi min rawa?"

Don Pascasio ne ya fara fashewa daga baya, sai coci ya ɗauka. Har Fada ya juya yana kallon bagade, kafaɗunsa na rawa. Griselda kaɗai ce ba ta dariya. Tana tsaye da dunƙulen ƙarfe a hannu. Na ce a raina shi ke nan, abin da muke gudu ya same mu, kuma a gaban matar nan.

Doña Perpetua ta sunkuya ta ɗauki sulen. Ta murza shi da babban yatsa, ta ɗaga shi wajen hasken taga. Ga hular, ga hasken da ke kewaye da ita. Ta juya bayan, ta daɗe tana kallon lambar da ke saman gaggafa. Dariya ta lafa.

"Doña Hermila, wannan kike sawa a tukunya?"

"Tun kakata."

"Na azurfa? A gindin tukunya?" Ta waiwayi danginta. "Mu da shanunmu, kwabon jan ƙarfe muke jefawa."

Yayata, Allah ya ƙara mata lafiya, ta gyara mayafi ta buɗe ido kamar yau ta fara jin haka. "Af! Da ma ana sa wani abin?"

Doña Perpetua ta sake duban sulen. Sai ta taka har gaban bagade, ta ɗora sulen a kan dunƙulen da ke hannun Griselda, ta naɗe yatsun yarinyar a kai da nata hannun, fenti da komai. "Riƙe da kyau, 'yata. Fada, a ci gaba, sun cika."

Fada ya dubi dunƙulen. "Kin tabbata goma sha biyu ne a nan?"

"Ba sa ƙirguwa, Fada," in ji Leobardo. "Amma ba za su taɓa watsewa ba."

A nan Griselda ta yi dariya, hawaye na zuba, ni ma na saki nawa.

Da muka koma gida, tamal ɗin ƙasa ya zama kunu, na sama ne ya tsira da ƙyar. Doña Perpetua ta cire leshinta, ta naɗe hannun riga, ta ce a rage ruwan a mayar da sulen. Muka sake jerawa, aka hura wuta. Can sai ga shi, "ƙil-ƙil-ƙil", kamar ba abin da ya faru. Matan gida biyu suka tsaya a kan tukunya ɗaya suna saurare. Abinci ya makara, amma ko ɓawo ba a bari ba.

Don Choforo kuwa yana can cikin maza yana bayani. "Da gangan na yi. Na sa jabu goma sha biyu ne don na gasken ya fito fili. Cikin duk sulallan garin nan, wa ya zaɓo shi? Wane kunne?"

"Wanda ka ce ƙarfen banza ne?" na ce.

"Don kada ɓarayi su ji, Tila. Ke yarinya ce."

Da amarya za ta tafi, Hermila ta tsamo sulen da ludayi, ta goge shi, ta ƙulle a ƙyalle ta sa mata a hannu. "Na tukunyarki ne yanzu. In ya yi shiru ki ƙara ruwa. Amma ki fara duba aljihun mijinki." Ta faɗa tana dariya, ta shiga madafa ta daɗe ba ta fito ba.

Washegari bayan an taso daga coci, Don Pascasio ya kafa kujera a tsakiyar dandali. Doña Perpetua ba ta mantuwa, ta turo ƙaninta ya zama shaida. Sai aka tarar da matsala: duk San Gervasio mai aski ɗaya ne. Haka Don Choforo ya zauna, na riƙe masa madubi, ya aske gashin bakinsa da hannunsa yana ba jama'a tarihin kakansa. Da ya gama ya miƙe ya shafa leɓe, ya ce a duba aikin gwani.

Gefen hagu ya fita tas. Na dama kuwa, kamar kowane askinsa, da saura.